Baba ya ƙi tashi daga gado, wai tsufa ba shi da magani

Saƙon wannan satin daga Agege ya fito, ga abinda 'yar uwarmu ta rubuto:

"Anti salamu alaikum, dan Allah ki ɓoye sunana. Mahaifina shekarunsa 78, tsohon ɗan kasuwar goro ne anan Agege. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki amma mai sauƙi, dan bayan an sallamo shi daga asibiti yana takawa da sanda har masallaci. To sai ya zame a banɗaki, Allah ya tsare bamu ga karaya ba, amma tun daga ranar ya ƙi tafiya. Mahaifiyarmu ta rasu, yayana yana Kano, ni kuma ɗaki biyu ne dani da mijina da yara huɗu a hawa na biyu na bene, ga aiki ina fita shida na safe sai dare. Dole ta sa muka kaishi wani gidan kula da tsofaffi na kuɗi ta wajen Ipaja, wata biyar kenan. Akwai mai gashin ƙashi da ke zuwa sau biyu a sati amma Baba ya ƙi shi. Cewa yake sanyin Legas ne ya shige masa ƙashi in ya motsa ƙara shiga zai yi, wani lokacin yace jininsa ya ƙare babu na ɓarnatarwa, kuma shi ba yaro bane da za'a jera shi da mata ana tafi ana ɗaga hannu. In na matsa sai yace ai Annabi ya ce tsufa ba shi da magani. Yanzu ko sallah a kwance yake yi. Ma'aikatan sunce in ƙyale shi tunda baya so. Yayana kuma yace na jefar da uba a hannun Yarbawa sannan ina neman wahalar dashi. Anti in matsa masa ne ko in barshi ya huta? Wallahi bana barci."

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya, ya jiƙan Mama, ke kuma ya saka miki da alheri.

Sau uku na karanta saƙonki kuma duk karantawa waje ɗaya nake tsayawa, inda kika ce bayan shanyewar jikin yana takawa har masallaci, sai da ya zame sannan ya daina. Kinga kenan ba shanyewar jikin ce ta kwantar dashi ba, ƙafar da ta kaishi masallaci bayan ciwon ai ita ce dai a jikinsa. Tsoro ne ya kwantar da Baba, gado kuma ya karɓe shi yana ci a hankali. Maganar sanyi, da jinin da ya ƙare, har da hadisin, duk a bayansu yake ɓoye tsoron, saboda dattijon da yayi shekara da shekaru yana ɗaga huhun goro yana ba yara umarni a rumfa bazai buɗe baki yace wa 'yar cikinsa "tsoro nake ji kar in sake faɗuwa a banɗaki babu kaya a jikina azo a ɗaga ni" ba. Ko za'a yanka shi bazai faɗa ba. To tambayarki ta in matsa ko in barshi, ni dai duka biyun ban yarda dasu ba. In kika matsa zaki ƙara masa taurin kai kuma ki ɓata tsakaninku, in kika barshi kuma ba hutu kika bashi ba, hanyar da bazai sake tashi ba kika ɗora shi.

Amma kafin komai, kince "bamu ga karaya ba", to da ido kuka duba ko an ɗauki hoton ƙashi? Wannan ba ƙaramar tambaya bace. Ƙashin ƙugun tsoho yakan tsage ba tare da ya rabu biyu ba, babu kumburi babu komai a waje, sai dai in ya taka ƙafar yaji zafi a matsematsi ko cinya, shi kuma sai ya kira abun sanyi. In ba'a yi hoton ba ki fara daga nan, kar a ɗaga shi tsaye ko sau ɗaya kafin likita ya gani. Babban asibitin Orile Agege yana kusa dake, ga asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja, ga asibitin ƙashi na Igbobi, ga asibitin koyarwa na LUTH anan Idi-Araba, duk wanda ya fi miki sauƙi. Ki tattara duk magungunan da ake bashi a leda ki tafi dasu, har da na gargajiya in akwai, kar ki ɓoye. Ki roƙi likita ya auna hawan jininsa yana kwance sannan ya sake aunawa bayan ya tashi zaune ko tsaye, dan akwai tsofaffi da yawa da jininsu ke sauka da zarar sun miƙe, sai jiri ya kwashe su, kuma wani lokacin maganin hawan jinin ne yayi musu yawa ko maganin barcin da ake basu da dare. Zai iya yiwuwa ma abinda ya kada shi tun farko kenan ba santsin tayil ba. A duba suga, a duba yawan jini tunda shi da bakinsa yace ya ƙare, a duba ido. Sannan ki gaya wa likita halin da zuciyarsa ke ciki, kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka samu shanyewar ɓarin jiki suna faɗawa ciwon damuwa, kuma a tsofaffinmu ba da kuka yake zuwa ba, da shiru yake zuwa da ƙin abinci da juya fuska bango da "ku ƙyale ni kwanana sun ƙare". Mutumin da ya rasa matarsa ya rasa kasuwarsa ya rasa sahun masallacinsa, ba abun mamaki bane. Kuma ciwon damuwar yana da magani.

Bari in gaya miki abinda gado ke yi wa tsoho, dan mu Hausawa mun ɗauka kwanciya ita ce gatan mara lafiya. A 2007 anyi wani bincike a Amurka, aka samo dattawa masu lafiya ƙalau 'yan wajen shekara 67 aka kwantar dasu a gado kwana 10 kacal, ana basu abinci yadda ya kamata, da aka auna sai aka tarar kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafunsu ya zube. Kwana 10 fa, kuma lafiyarsu lau. Baba yayi wata biyar. Bayan tsoka ƙashi ma laushi yake yi in ba'a taka shi, gwiwa da idon sawu su sandare a lanƙwashe, majina ta taru a ƙirji ta zama ciwon huhu, bayan gida yayi tauri, jini ya iya daskarewa a jijiyar ƙafa, fata ta buɗe a ƙasan baya da dunduniya ta zama gyambon da ke cin wata da watanni bai warke ba. Abun takaicin shine duk ranar da ya ƙara a kwance ƙafar na ƙara rauni, ranar da ya gwada tashi sai yaji ta kamar ba tasa ba, sai yace kun gani ko, ai na gaya muku, ya koma ya kwanta.

Ni na gani da idona a gidanmu. Surukata Allah ya jiƙanta ta faɗi a tsakar gida tana alwala, ba karaya ba komai, amma mu da kanmu muka hanata tashi saboda ƙauna, abinci a kai mata bakin gado, fo a kai mata, buta a kai mata, in ta yunƙura sai kowa yace Hajiya zauna mana me kike so a kawo miki. Muna ganin biyayya muke yi. Wata takwas bayan nan gwiwoyinta suka ƙi miƙewa, mai gashin ƙashi yazo ya duba yace da tun watan farko aka kira shi. Har yau in na tuna sai naji wani abu ya tokare min ƙirji, shi yasa saƙonki ya hana ni sukuni nima.

Yanzu hadisin. Baba bai yi ƙarya ba, hadisi ne na Usama bn Sharik, yana cikin Abu Dawud da Tirmizi. Amma ki duba yadda ya fara, mutanen ƙauye ne suka tambayi Manzon Allah SAW ko su nemi magani, yace ku nemi magani, domin Allah bai sanya wata cuta ba face ya sanya mata magani, sai cuta ɗaya, tsufa. Wato umarnin neman maganin ne a gaba. Babu wanda zai mayar da Baba ɗan shekara 40, furfura da tamoji da shekaru 78 suna nan, wannan ne ba shi da magani. Raunin da kwanciya ta jawo kuwa ba tsufa bane, kuma ƙarfin yana dawowa. A 1990 a Boston ta Amurka an ɗauki mutum 10 mazauna gidan tsofaffi irin wanda Baba yake ciki, shekarunsu daga 86 zuwa 96, yawancinsu ga cututtuka iri iri, aka sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau uku a sati har sati 8, waɗanda suka kai ƙarshe ƙarfin cinyarsu ya kusa ninkawa uku. Duk cikinsu babu wanda bai girmi Baba ba. Tsokar tsoho tana jin kira in an kirata, a hankali dai take amsawa.

Sai kuma hadisin Imran bn Husain da ke cikin Bukhari, shi da basir ya dame shi ya tambaya game da sallah aka ce masa kayi a tsaye, in baka iya ba a zaune, in baka iya ba a kan gefenka. Jerin ai a bayyane yake, zama yana gaban kwanciya ga wanda zai iya. Amma dan Allah ƙanwata kar ki je ki tsaya kan mahaifinki kina jawo masa hadisi, bazai karɓa daga bakinki ba, kuma kar kowa ya kuskura yace masa sallolinsa na kwance basu yi ba, Allah ne ya san abinda yake ji a jikinsa. Ki je wajen limamin masallacin da yake sallah, ko wani abokinsa na kasuwa sa'ansa wanda suke wasa da juna, ki biya musu kuɗin mota ko mijinki ya ɗauko su. Abokin nan ne zai iya cewa "Alhaji haba, mu da muka taho tun daga Agege cikin gosulon Iyana Ipaja a kwance zaka karɓe mu? Tashi ka zauna muyi La'asar tare." Abinda ke da mai gashin ƙashi kuka kasa a wata biyar wallahi sai kiga wannan magana ɗaya tayi shi.

Maganar sanyi kuwa shawarata kar kiyi musu dashi kwata kwata. Abinda yake ji gaskiya ne, gaɓar da ta kwana bata motsa ba tauri take yi da ciwo, ga damunar Legas da laimarta, ga fanka ko esi a kansa dare da rana a ɗakin da ƙila ba shi ke da ikon kashewa ba. Suna kawai ya bawa abun. Sai ki shiga ta ƙofar da ya buɗe, kice Baba tunda sanyi ne bari mu kore shi. A sa masa safa, a kawar da gadonsa daga saitin fanka, a gasa masa gwiwa da tawul mai ɗumi kamar minti goma sannan a shafa man zafi a murza, in jikin yayi ɗumi sai ace to Baba ɗan motsa ƙafar maganin ya shiga. Da hantsi a fitar dashi a keke ya sha rana, dan sanyi da rana basa shiri, wannan shi ma ya sani. Kinga ya fita daga gado kenan ba tare da an kira kalmar motsa jiki ba. Abu ɗaya zan ja kunnenki, ɓarin da ya shanye ba lallai yana jin zafi daidai ba, haka ƙafar mai ciwon suga, dan haka duk mai gashin ya fara gwada tawul ɗin a cikin hannunsa, kuma banda ɗora robar ruwan zafi a barta. An sha ƙona tsofaffi da sunan gashi.

Jinin da yace ya ƙare, gwaji zai nuna. In yayi ƙasa a nemi dalili ayi magani, in kuma daidai yake ki nuna masa takardar likita ya faɗa masa da baki. Amma ni tambayata me Baba yake ci a gidan nan? Duk da a Agege ya tsufa, akwai bambanci tsakanin cin amala da ewedu dan marmari da ace kullum shi ne da teba da miya mai yaji. Tsoho in abinci bai masa ba bazai yi ƙorafi ba, loma biyu zai yi ya ture kwano yace ya ƙoshi. Kuma ba'a gina tsoka da koko da shayi. Yana buƙatar ƙwai, wake, kifi, nama mai laushi, nono. Ranar da zaki je ki tuƙa masa tuwo miyar kuka ko kuɓewa da kifi, ki dama fura da nono mara suga da yawa, ki rage gishiri da dunƙule saboda hawan jini, ki zauna ki ci tare dashi. In likita yace ƙodarsa na da matsala to shi zai faɗi iyakar nama da waken. Ki kuma lura da ruwa, da yawansu da gangan suke ƙin sha dan kar fitsari ya matse su sai sun kira wani, ƙarancin ruwan kuma shi ke ƙara jiri da taurin bayan gida.

Inda nake bayan Baba ɗari bisa ɗari shine maganar jera shi da mata ana tafi. Yana da gaskiya. Dattijo Bahaushe Alhaji guda, a sa masa kiɗa ace ya ɗaga hannu ya sauke tare da matan da ba muharramansa ba, wata yarinya sa'ar jikarsa na ƙirga masa da Turanci, wannan a wajensa zubar da girma ne, kuma girman shine kaɗai abinda ya rage masa a hannu. Su ma'aikatan ba da mugunta suke yi ba, tsarin da suka saba dashi kenan kuma yana yi wa wasu daɗi. Ki nemi a canja masa, namiji ya riƙa zuwa, a ɗakinsa, ƙofa a rufe, ya gaishe shi yadda ake gaida manya, ya nemi izini kafin ya taɓa shi. In an samu mai jin Hausa to madalla, in ba'a samu ba mijinki ko babban ɗanki ya tsaya a zaman farko da na biyu.

Sannan kakanninmu basu san wani abu wai shi motsa jiki dan kansa ba, tafiya suke da dalili, kasuwa, masallaci, gaisuwa, jana'iza. To ki nemo wa Baba dalili. Alwala dalili ce, sau biyar a rana ya tashi zaune ya zuro ƙafa ƙasa. Rakiyar baƙo zuwa bakin ƙofa dalili ce, ai kinsan Bahaushe baya barin baƙo ya fita shi kaɗai. Kuma ga sana'arsa, Agege da goro ai tun zamanin da jirgin ƙasa ke kwasarsa zuwa Arewa suke tare, mutanen irin su Baba ne suka riƙe zangon nan. Ki sayo ƙwarya ɗaya ko biyu a gauraye ki kai masa da tire da ganye, kice Baba ni fa tsoro nake kar a cuce ni, zauna ka ware min marsa da minu, ka duba min ko akwai mai ƙwaro, wannan daushe ne ko sabo. Dole ya tashi zaune, dole yatsun hannun da ya raunana suyi aiki, kuma a karon farko cikin wata biyar wani ne ke buƙatarsa ba shi ke buƙatar wani ba. Ci dai kar ya wuce ɗan ɓari, dan goro na iya ɗaga jini ya hana barci.

In likita ya bada izini, farawar ƙanƙanuwa ce sosai kuma mai gashin ƙashi ne zai tsara ta, ni fasali kawai zan baki dan ki san abinda zaki sa ido a kai. Yana kwance ya riƙa motsa tafin ƙafa sama da ƙasa, ya janyo gwiwa ya miƙe. Sai zama a bakin gado ƙafa na taɓa ƙasa, minti biyu, biyar, goma, kuma duk tashi daga kwanciya ya ɗan jima a zaune kafin wani yunƙuri saboda jiri. Sai cin abinci a kujera maimakon gado. Babban darasin shine tashi daga kujera da komawa, kujera mai ƙwari mai hannu wadda aka jingina da bango, ba farar robar nan ta biki da ke zamewa ba. Ko sau uku ya iya a rana ta farko ya isa, ya ƙirga da carbinsa, sati mai zuwa biyar. Wanda ya iya tashi daga kujera shi ke iya zuwa banɗaki da kansa, kuma ina tabbatar miki abinda Baba yafi so a duniya yanzu kenan ko bai faɗa ba. Daga nan sai tsayuwa da dafa ƙarfen nan mai ƙafa huɗu, sai taku zuwa ƙofa. Mai taimako ya tsaya ta ɓarin da ke da rauni, ya riƙe shi ta ƙugu, kar a taɓa jan shi ta hannun da ya shanye dan kafaɗar na iya gocewa, sanda kuma a hannu mai lafiya ake riƙe ta. In yaji ciwon ƙirji, ko numfashi ya ɗauke, ko jiri mai ƙarfi, ko baki ya karkace magana ta canja, ko kuma ƙafa ɗaya ta kumbura tayi zafi, a tsaya nan take a nemi likita, na ƙafar nan ma kar a murza ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarin da ta fitar a 2020 tace wanda ya kai 65 ya samu aƙalla minti 150 na motsi a sati, da ƙarfafa tsoka kwana 2, da atisayen daidaita tsayuwa kwana 3 saboda faɗuwa, amma ta kuma ce wanda bai iya ba yayi gwargwadon ikonsa, kaɗan ya fi babu. Kar lissafin ya tsorata ki, Baba daga minti biyu zai fara. Abinda zan ƙara shine zuwan mai gashi sau biyu a sati bazai wadatar ba in sauran kwana biyar ɗin a kwance yake, aikin na kullum ne.

Shi ya kawo ni kan ma'aikatan. "Ki ƙyale shi tunda baya so" tana da fuska biyu, akwai mutunta ra'ayinsa a ciki, kuma gaskiya ne babu mai ikon finciko dattijo daga gado da ƙarfi, amma kuma tsohon da ke kwance shiru da famfas yafi sauƙin kulawa akan wanda za'a raka banɗaki sau shida, balle in ma'aikaci ɗaya ne ke kan mutane da yawa. Kuɗinki kike biya, ki zauna da shugabar gidan cikin mutunci ki tambaya, sau nawa ake tayar dashi zaune a rana, ana juya shi duk bayan awa biyu in yana kwance, famfas ɗin dan baya iya riƙewa ne ko dan babu mai raka shi. Ki ajiye ɗan littafi a gefen gadonsa a riƙa rubuta abinda yayi da abinda yaci. Ki shiga banɗakin da kanki ki gani, akwai ƙarfen dafawa a bango, akwai kujerar wanka, tayil ɗin na santsi, in an ɗauke wuta da dare akwai fitila kusa da hannunsa? Ki sai masa takalmi mai rufe dunduniya mai kama ƙasa a ajiye silifas. Wanda tsoron banɗaki ya kwantar, sai ya ga banɗakin ya canja da idonsa kafin ya yarda. Mijinki kuma ya duba masa ƙasan baya da ɗuwawu da dunduniya duk zuwa, in akwai wajen da ya canja launi ko yayi zafi ko ya fara salewa ayi magana ranar. Wata rana kuma kije ba ranar da suka saba ganinki ba.

In kin yi duk wannan wata ɗaya ko biyu gidan bai canja ba, ki ɗauki biro ki lissafa abinda kike biya a wata ki gwada da kama masa ɗaki a ƙasa a cikin Agege kusa da masallacinsa, da ɗaukar namiji mai kula dashi, mai gashi na zuwa gida. Ban ce lallai yafi araha ba kuma yana da nasa wahalar, amma mutumin da ke jin kiran sallar da ya saba da muryoyin abokansa a ƙofar gida yafi samun abinda zai tashi dominsa.

Yayanki kuwa, ban ga laifinki ba. Baki jefar da uba ba, kin duba bene hawa biyu da ɗaki biyu da gidan da babu kowa tun safe har dare kika nemi inda za'a kula dashi, kina biya kina zuwa kina rasa barci. Yarbawan da yake faɗa su ke wanke mahaifinsa suna bashi abinci a baki, addu'a suka cancanta. Nasan shi ma zafin nisa ne da kunyar abinda dangi zasu ce ke sa shi magana, dan haka kar ki biye masa, aiki zaki bashi. Ya riƙa kiran bidiyo kullum bayan La'asar yace Baba so nake in ganka a kujera, ya ɗauki kuɗin mai gashi, in da hali yazo yayi sati biyu ya kwana kusa dashi, ɗa namiji na iya yi wa uba abinda ke kunya bazata barki ba. In kuma yana ganin Kano tafi, to ya faɗi ɗakin da wanda zai kula dashi da asibitin da zai riƙa kaishi, a tambayi Baba shi ma, dan duk maganar nan da ake akansa ban ji inda aka tambaye shi ina yake so ya zauna ba.

Akwai ranakun da zai ƙi, zai ma iya yi miki faɗa. Ki ce to Baba, ki gyara masa filo, ki dawo da maganar jibi. Kar ki haɗa shi da "in baka tashi ba na daina zuwa", kar kuma ayi masa shewa da tafi kamar yaro in ya tashi, sannu Alhaji ta wadatar.

Wannan Asabar ɗin kar ki ce masa komai akan tafiya. Ki tafi da tuwonsa da goron da tawul, ki zauna kusa dashi, in kin ga ya sake sai ki tambaye shi a hankali, Baba ranar nan a banɗaki me ya faru ne, jiri ka ji ko ƙafa ce ta zame, ka daɗe a ƙasa kafin a zo? Ki yi shiru ki barshi ya faɗa ko da zai ɗau lokaci. Litinin ki nemi ganin likita. Bayan sati huɗu ki rubuto min ki gaya min abinda hoton ya nuna da kuma ko ya fara sallah a zaune, ina jira. Ki gaishe min da Baba.